Sawun da Na Kife da Tasa

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar moɗar nan ba. Ƙwal, sau ɗaya tak, irin wadda take yi idan an gama shan ruwa an aje ta bisa murfin randa. Ƙarar da nake ji sau ashirin a wuni ban ko ɗaga kai ba. Amma ran nan bayan Azahar ne, ciwon kai ya kwantar da ni a ɗaki har barci ya ɗan ɗebe ni, kuma a sanina babu mai rai a gidan sai ni da kaji. Maigidan ya bi lodin albasa kudu. Ɗiyata Luba, 'yar shekara bakwai, ta tafi Islamiyya tun ɗazu.

Na yi lamo. Sai na ji taku. Ba takun silifa ba mai fat-fat, taku ne mai nauyi, a hankali, kamar mai shi ya san gidan. Ya ratsa tsakar gida ya nufi zaure, ƙyaure ya ɗan yi ƙara, shiru ya dawo. Ko kajin ba su yi kuka ba, wannan ma ya fi ba ni tsoro.

(Da wata jaruma ce, da ta leƙa ta taga. Ni kuwa zane na ja na rufe kai, na karanta Ayatul Kursiyyu sau bakwai, ta bakwai ɗin ban da tabbacin na kai ƙarshenta.)

Da na samu ƙarfin fitowa, moɗa a jiƙe take. Ni mace ce mai shara sau biyu a rana, har layin tsintsiya ya kwanta a ƙasa kamar kitso, don haka komai ya taka sai na gani. Ga shi nan kuwa: sawun takalmi, babba, mai haƙora kamar tayar babur, daga zaure zuwa gindin randa, ya juya ya koma. Akwai ƙananan sawun Luba a gefensa, amma nata ai ko'ina suke a gidan. Abin da na gani kawai shi ne ƙaton ya tsaya daidai inda ɗiyata take zama ta yi wasa. Kuma "Ba shiga" na nan rubuce a ƙofarmu da jan fenti.

Na kife sawu ɗaya da tasa, na danne da dutse. Na yanki karan dawa daidai tsawonsa na ɓoye a bayan gado. (Darasin kimiyyar da na yi a sakandare, ashe ranar amfaninsa ke nan.) Sannan na kira Yaya Hajo, yayata da ke aure a Shagari. Ta ce ai ana ta faɗi a wajensu, wai maza ne ke saka hijabi su leƙa gidaje kafin a zo ɗaukar mutane, kuma ba sa zuwa sai da wanda ya nuna musu. Ta rage murya ta ce, "Wa ka shigowa gidanki kullum?"

Nan shaiɗan ya kawo mini Dije.

Dije Bafulatana ce mai tallan nono. Shekara takwas tana shigowa gidana daga rugarsu, ita ta kawo mini man shanu kyauta ranar sunan Luba. Washegari da ta yi sallama ban fito ba, daga ɗaki na ce mun hutar. Na kuma gaya wa maƙwabciyata zargin da nake yi wa Dije, na ce kar ta faɗa wa kowa. Kafin kwana biyu duk layinmu an hutar. Ina ji tana tafe tana sallama ƙofa-ƙofa, muryarta na yin nisa, ba ƙyauren da ya buɗe. Zuciyata ta yi ta suka na, na ce mata ai tsaron ɗiya ya fi tausayi.

Kwana uku na hana Luba fita ko zaure. Ta yi ta bin tasar nan da ido tana son magana, ina ce mata ta yi mini shiru, ba zancen yara ba ne.

Rana ta huɗu matar mai unguwa ta zo da saƙo: an turo sabuwar 'yar sanda nan garinmu Boɗinga, aikinta hulɗa da jama'a, tana son ganin mata a makarantar firamare da hantsi. Na ce Allah Ya kawo ni inda zan yi magana. Na soke karan a cikin hijabi na tafi.

Ajin ya cika. Ga mu matan gari, ga matan 'yan kasuwa Yarabawa da Ibo, ga Zabarmawa, ga matan ruga a can baya sun jere ƙorensu a baranda. Dije na cikinsu. 'Yar sandar, Sajan Rabi, tana zaune bayan teburin malami cikin dogon hijabi har ƙasa, muryarta sanyi kamar mai rarrashin jinjiri. Ta ce ta san da yawanmu ganin kaki kawai ke sa mu rufe ƙofa, shi ya sa ta zo mu san juna tun ba a shiga matsala ba. Duk wadda ta ga wani abu ta faɗa, ba wadda za a kai ofis. Kowace mace ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta.

Sai ga ni tsaye.

Na ba da labarin moɗa, na ba da na taku, da na sawun da na kife da tasa. Na ce ƙato ne, ƙafarsa kamar ta raƙumi, kuma daga nauyin takun na san mutum ne mara imani. Na zaro karan na ɗaga sama. Da na ga an zuba mini ido sai bakina ya ƙara zaƙi, na ce kuma a bincika masu shiga gidajenmu kullum da sunan talla. Ban ambaci suna ba, amma rabin ajin ya waiga baya.

Sajan Rabi ta daɗe tana kallona. Sannan a hankali ta tambaya ko gidan nan ne mai shuɗin ƙyaure, da darbejiya a ƙofa. Na ce shi ne. Ta ce randar tana ƙarƙashin rumfa, an naɗe ta da buhu, moɗar kuma hannunta ya karye an ɗaure da waya?

Ban gaya wa kowa zancen wayar nan ba.

Ta miƙo hannu na ba ta karan. Ta zagayo gaban tebur, ta ɗan ɗage bakin hijabinta. Baƙin takalmin but ne, irin nasu na aiki. Ta sunkuya ta kwantar da karan a gefensa. Ko tsinke bai yi saura ba.

"Ga raƙumar taki," in ji ta.

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har tasha. Wata Bayarabiya sai da ta riƙe benci. Sajan ta jira aka lafa, ta ce gida-gida take bi tana gaida mata, tana rufe kakinta da hijabi don kar a firgita, but ɗin ne dai ba yadda za ta yi da shi. Ta yi sallama sau uku a ƙofata, sai ga wata yarinya ta dawo ɗaukar littafin da ta manta. Yarinyar ta ce Inna ba ta da lafiya, kar a tashe ta, ta shigo da ita ta ba ta ruwa, suka fita tare.

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Amma ba dariyar ce ta fi ƙona ni ba. Dije ba ta yi dariya ba. Sajan ma ta lura. Ta ce ido irin nawa shi suke nema, sai dai abin da ido ya gano a fara kawo mata shi kafin ya zagaya layi, don magana ba a kife ta da tasa. Ta tambayi matan ruga ko akwai mai cewa wani abu. Dije ta ce kwana uku ke nan tana mayar da ƙwaryarta cike, har ta fara tunanin daina shigowa gari.

Na ratsa mutane na je na durƙusa gabanta, hawaye na zuba, na ce ta yafe mini don Allah. Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara zafi, kuma na cancanta.

"Tashi, Innar Luba," ta ce. "Amma ƙofar da kika rufe, ke za ki buɗe ta."

Haka aka yi. Ni na ɗauki ƙwaryar a kaina, ban ma iya ba, nono na ɗiga mini a wuya, muka bi layinmu ƙofa-ƙofa ina sallama ina warware abin da na ƙulla. Tun daga ranar, in zargi ya taso mini, mai rai nake fara nema na tambaya.

Da na koma gida na ɗage tasar na share sawun. Luba na zaune gindin randa tana kallona. Na ce don me ba ta gaya mini ita ta shigo da baƙuwa ba, ta bar ni na je na ba da kaina a gaban gari?

Ta ce, "Inna, ai ba ki tambaye ni ba. Ƙasa kinka yi ta tambaya."