Marigayi Ya Koyi Kuka

"Lafiya lau, Marigayi. Ya makwancin? An taso ke nan?"

Haka kakarmu ta amsa gaisuwar ƙanena, tana bakin ƙofa da ɗinkinta a cinya, ni kuma ina gefe ina guga. Sunan daga fim ya samo shi. Sau uku masu fim suna zuwa ɗan garinmu, sau ukun nan gawa suka sa shi ya fito. Gobe zai tafi birni gwaji, babanmu kuwa ya yanke magana: in ba a ɗauke shi ba, ya dawo shagon kayan keke ya zauna.

"Tsohuwa, ki iya bakinki. Gobe war haka mijinki jarumi ne."

"Mijin wa? Na fasa auren tun ranar da ƙuda ya sauka a hancinka kana gawa, ka sa hannu ka kore shi."

"Ƙudan ma ya gane tauraro ne."

"A ce mutum ya kwanta shiru, ya kasa! Bari tawa ta zo ka ga iyawa."

"Ke? Haƙoranki duk sun riga ki tafiya, kina nan daram. Mutuwa ma tsoron bakinki take."

Ya zauna a ƙasa, ya zaro wata takarda da ta sha ninki.

"Yanzu dai ki taimaka. An ce a gwajin sai na yi kuka, wai ɗa ne yake sallama da uwarsa a tasha. Kwana huɗu ina gaban madubi, ko ɗigo."

"Yi in gani."

Ya matse fuska, ya karkace baki. Tsakani da Allah, kamar mai ciwon ciki.

"Wannan kuka ne ko atishawa ce ta maƙale?"

"Shi ya sa na sayo wannan." Ya fito da albasa daga aljihu.

"Ka shiga gaban manyan mutane kana warin kicin? Kai da ka hana unguwa barci wata bakwai kana jariri, yau hawaye sai an saya a kasuwa?"

"Lokacin ai fuskarki nake gani kullum."

Ta fizge albasar ta ajiye, ta tura masa gwangwanin alluranta. Tun da idonta ya yi rauni shi ke sa mata zare kowace safiya, ba ta yarda da hannun kowa ba, har ni.

"Bar shirme, yi aikinka. Yau duka za ka sa, sha biyu ne."

"Sha biyu? Rumfa za ki ɗinka?"

"Ba ka ce in sun ɗauke ka wata uku za ka yi ba? Ɗaya duk mako, zan riƙa lallaɓa su." Sai muryarta ta yi ƙasa. "In ka dawo ka tarar da saura a gwangwani da zarensu, kada ka tambayi kowa komai. Ka ɗauka, naka ne."

Zaren ya ƙi shiga. Ya lasa, ya sake gwadawa. Sai ga hawaye shar, har kan takardar. Ni kaina na shagala da kallonsu, sai da na ji ƙaurin rigar da nake gogewa.

Tsohuwar nan ta kwashe da dariya har da dukan cinya.

"Ga shi nan! Kyauta, ba albasa! Gobe ka tuna gwangwani, ka ji, raggon miji?"

"Ke dai Allah ya shirye ki," ya ce yana jan hanci yana dariya. "Na sallama. Ke ya kamata a sa a mota zuwa gwajin."

"Su ba za su iya biyana ba. Ungo."

Ta jefa masa hankicin da take ɗinkawa, ashe dama nasa ne. Yana share fuska ya tsaya ya ƙura mata ido.

"Tsohuwa, naki idon fa?"

"Albasarka ce, shashasha."

Na duba. Albasar na nan gefenta, ko ɓawonta ba a taɓa ba.