Sakwarar Mai Girma a Kan Rabin Wuta

Jiya da hantsi na fita sayen wagashi, cukun nan na madarar shanu, sai la'asar na dawo hannu wofi, haƙarƙarina yana ciwo saboda dariya. Allah Ya yafe mini.

Mai Girma Uban Ci Gaba, Allah Ya ƙara masa jiniya, ya bai wa ƙungiyar matan unguwarmu ta nan Parakou murhun lantarki. Ya aiko cewa da azahar zai zo ya ci sakwarar da aka dafa doyarta a kansa, a gaban masu ɗaukar hoto. Tun da safe aka kwashe itace da gawayi, kada hayaƙi ya ɓata ci gaba. Aka kuma shaida wa shugabarmu, Yaya Bona, cewa idan ta kunyata unguwa, kujerarta ta zama ta wata.

Na same ta tana leƙa tukunya kamar mai jinya.

"Malama, ke da kika tsufa kina koyar da kimiyya, zo ki lallashi ruwan nan ya tafasa."

A bayan murhun an rubuta bolt ɗari biyu da ashirin, ampiya goma. Na kira Sabi mai gyaran rediyo ya auna wutar bango. Bolt ɗari da goma cif.

"Rabi ke nan," in ji Yaya Bona, har da ajiyar zuciya. "Sai mu ninka lokaci."

"Yaya, da haka ne da na yi guɗa. Raba ɗari biyu da ashirin gida goma, ki sami turjiyar murhun, wato yadda yake tare wa wuta hanya: om ashirin da biyu. Da cikakkiyar wuta, ɗari biyu da ashirin sau goma, wat dubu biyu da ɗari biyu ne zafinsa. Yau kuwa, raba ɗari da goma gida ashirin da biyu, ampiya biyar kaɗai ke wucewa. Ɗari da goma sau biyar, wat ɗari biyar da hamsin. Kashi ɗaya cikin huɗu."

Ta dafe ƙirji. "Wa ya cinye kashi ukun?"

"Suna nan, Hajiya," in ji Sabi. "An ajiye su a cikin jawabin Mai Girma."

Da azahar motoci goma sha bakwai suka tsaya. Doyarmu kuwa wankan ruwan ɗumi kawai ta yi. Da aka kai ta turmi, tsalle ta riƙa yi tana neman hanyar gona.

"A kan wutarmu aka dafa?" in ji Mai Girma.

Yaya Bona ta durƙusa. "A kanta kaɗai, ranka ya daɗe."

Ya kai loma. Har daga bayan rumfa muka ji ƙurus! Ya dubi Yaya, ya dubi masu hoto. In ya ce ɗanya ce, ya tona asirin wutar da ya yi shekara uku yana yabo. Ya haɗiye da kyar, ƙwalla a idonsa, ya ce tun rasuwar kakarsa bai ci sakwara irin wannan ba.

Yaya Bona ta miƙe, kujerarta ta zauna daram.

"Ku ƙara wa Mai Girma! Ba ku ga yana so ba?"

Ni dai ba na yi wa kowa mugun fata. Amma da za a riƙa ciyar da manyanmu abin da aka dafa a kan alkawarinsu, ina kyautata zaton kafin Juma'a wuta za ta cika.