Kyawun Hali Zai Zubo

A taron malamai a Gumel aka ba ni damar gabatar da lacca kan yadda masanan dā suka raba falsafa gida uku. Daga littafin Larabci na kwaso, ko ƙamus ban buɗe ba. Ni da difloma?

Na gyara hula na ce, "Na farko manɗiƙi, ilimin kafa hujja. Na biyu ɗabi'a, wato kyawun hali. Na uku akhlaƙ, wato..." Na leƙa takardata. "Shi ma kyawun hali."

Wani dattijo daga Gagarawa ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ɗabi'a a Larabci halittu ake nufi, su ruwa da ƙasa da taurari."

Na ce ina sane, gwada su nake yi.

Har yau in hadari ya haɗo, sai abokan aikina su leƙo ajina: "Malam, kwashe shanya, kyawun hali zai zubo."