Umrar Gudun Tara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi Umra ba shiri ba, kuma ba na jin direbobin otal ɗinmu za su bari in manta. Jama'a suna ɗaura harami don tsoron Allah. Ni nawa, Allah Ya yafe mini, tsoron Usman ne ya ɗaura mini shi.

Ni direba ne a wani otal a nan Madina, har gemuna ya yi fari a kan sitiyari. Ƙaramar bas ɗin baƙi nake ja, in kai su ziyara, in kai masu tafiya Makka Bi'ir Ali su ɗaura harami su hau babbar mota. Aiki ne mai daɗi: ga sanyin mota, ga addu'ar tsofaffi, ga dabino ana miƙo maka ta baya. Dokar otal ɗaya ce: duk wanda kyamarar hanya ta kama da gudu, za a sauke shi daga motar baƙi a ba shi motar wanki, ya riƙa jigilar zannuwan gado masu datti. Ni kuwa ina gudu (ai ƙafata ba ta san wani abu ba sai wannan), sai dai na san mazaunin kowace kyamara kamar gidajen surukaina.

Rannan ina shan shayi a Aziziyya sai saƙo ya shigo wayata. Karatuna bai wuce ƙananan surori ba, boko kuwa ko ƙofar aji ban leƙa ba, amma kalmar muhalafa, wato laifin hanya, na san kamanninta ko a mafarki. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Nan take na ce shi ke nan, sun dasa sabuwar kyamara ba su gaya mini ba.

Kusa da ni akwai wani ɗalibin jami'a, Bakano, mai suna Malam Nura. Na kai masa kuka. Ya ce shi bai san dokar nan ba, amma yayansa da ke tasi a Ingila ya ce a can takardar gudu tana da wa'adi, idan ba ta iso hannun mutum cikin wa'adin ba, ta mutu.

"Kamar idda?" na ce.

"Baba, ba haka nake nufi ba. Can ne fa, kuma ko a can ɗin idan motar kamfani ce..."

Ban tsaya jin sauran ba, har kuɗin shayinsa na biya. (Daga baya na ji ƙarshen maganar: idan motar kamfani ce, da takarda ta isa ofis an gama, ko direba yana cikin rijiya.) Ni dai na ɗauki fatawata: muddin ban buɗe saƙon ba, ba a kuma karanta mini ba, bai iso ni ba. In na daure iddar ta cika, ni da tara sai a Lahira.

Ina isa gida a Ƙurban na kashe wayar na cusa ta cikin buhun shinkafa. 'Yata, wadda a nan aka haife ta, kana yi mata Hausa tana mayar maka da Larabci, ta ce in kawo ta karanta mini. Na ce idan ta kuskura ta taɓa buhun nan, ba ni ba ita.

Saura Usman. Usman ɗan Chadi ne, shi ne mu'aƙƙib ɗinmu, mai bin takardun otal a ofisoshin hukuma. Dogo ne siriri, ba ya gajiya, ba ya fushi, irin mutanen da ke gajiyar da kai da haƙuri. Kwana biyu da zuwan saƙon na ji yana tambaya, "Ina Ammu?" (haka yake kirana, wato baffa). Daga ranar na daina shiga otal ta ƙofar gaba, sai ta kicin, ina gaisawa da masu yanka albasa. Ya zo gida, matata Hajiya ta ce ina barci, alhali ina bayan labule ina kallon takalmansa. Ya tare ni a masallacin unguwa, na tayar da nafila. Ina sallamewa in hango shi zaune, in sake kabbara. Ranar na yi nafilar da ban yi ba tun ina saurayi, har wani tsoho Bamisire ya dafa ni ya ce in sa shi a addu'a.

Haka muka yi ta yi har wata ya kusa zagayowa, ina ganin na kusa cin nasara.

Ranar da abin ya faru na kai wasu baƙi 'yan Najeriya Bi'ir Ali, da malaminsu mai ja musu addu'a. Sun shiga wanka, ni ina jingine da mota, sai ga motar Usman tana kutsawa tsakanin manyan bas. Filin nan ba kicin, ba labule. Ko'ina ka duba fararen kaya ne, ni kaɗai ne da jallabiya ruwan toka kamar ƙuda a cikin nono.

Shaiɗan bai taɓa ba ni shawara da sauri irin ta ranar ba. Akwai tawul biyu na otal a bayan mota. Na shige tsakanin kujeru na tuɓe, na ɗaura ɗaya, na yafa ɗaya, na faɗa tsakiyar baƙina na sunkuyar da kai. Tawul ɗin wanka ne, da kyar ya rufe gwiwa, ƙafafuna kuwa kamar na zalɓe.

Malam ya ce kowa ya yi niyya ya maimaita bayansa. Na saci kallo, ga Usman tsaye dab da ni. Don in tabbatar masa ni baƙo ne, na shaƙe murya na ɗaga ta fiye da ta kowa: "Labbaika Umratan."

Aka dafa kafaɗata.

"Ammu, Allah Ya karɓa."

"Ba na jin Hausa," na ce masa, da Hausa.

"Ammu, sunan otal yana rubuce a bayanka. Da manyan baƙaƙe."

Wata hajiya da na yi kwanaki ina kai ta ziyara ta leƙo ta ce, "A'a, ba direbanmu ba ne? Baba, kai ma da mu za ka?" Jama'a suka juyo gaba ɗaya. Na riƙe tawul da hannu biyu na ce wa Usman ko ya karanta mini ban ji ba, kunnena a toshe yake, kuma idda ta kusa cika.

Ya dube ni kamar likita. Ya ce, "Wace idda? Ammu, muhalafar nan ba taka ba ce. Ranar motarka tana gareji, makaniki ne ya fita gwada ta. Ga takardar gareji a hannuna tun tuni. Ƙorafi kawai za mu shigar a cire maka, amma sunanka ne a rajista a matsayin direban motar, lambar shiga wayarka take zuwa. Shi ya sa nake binka."

"To mu je gida, tana cikin shinkafa."

"Wa'adin ƙorafi jiya ya ƙare. Yau na zo ne in karɓi makulli."

Na juya wajen malam, ko zan tsira da ɗaya. Na ce, "Allah gafarta malam, niyyar nan fa baki ne ya faɗa, zuciya ba ta da labari."

"To me ke zuciyarka lokacin da ka faɗa?"

Ƙarya a cikin harami ba kyau, ko na tawul ne. Na ce, "Cewa na yi, ya Allah, in Ka raba ni da Usman yau, wallahi har Makka zan je."

"Ka yi niyya, ka haɗa da rantsuwa. Ga shi kuma za ku rabu yanzu. Hau mota, Baba."

Wani bawan Allah ya ba ni haramin kirki, Usman ya bar motarsa a nan ya tafi da bas ɗina da wandona a ciki, ni kuma na zauna a kujerar ƙarshe har Makka, direban yana tafiya kamar mai rakiyar amarya ban isa in ce ya taka ba. Washegari na dawo gida da kai a aske ƙwal. Hajiya ta buɗe ƙofa ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Tarar har da gashi suke karɓa?"

Yanzu motar wanki nake ja. Zannuwa ba sa yi wa mutum addu'a, ba sa miƙo dabino, kuma duk direban da na wuce sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji Tawul, a sa mu a addu'a." Abin da na koya da tsufana shi ne, in ka ga mutum yana binka, ka juyo ka tambaye shi lafiya, tun kafin ka kai ga cire wando.