Ranar da Na Sa Aka Tura Motar Baba

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tara manoma bakwai a hanyar Bauranya suka yi ta tura motar da ba ta tashi da turi ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Abin da ya ƙara muni shi ne ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma a wannan zangon ma yadda injin mota yake aiki nake koya wa ɗalibai (da alli, a kan allo, inda injin ba ya taɓa mutuwa).

Motar ta Babanmu ce. Doguwar motar iyali ce mai layin kujeru uku da ƙofar gefe da ake ja, ya saye ta ta hannu bayan ya yi ritaya daga sakatariyar ƙaramar hukuma a Kankia. A gidanmu ba a ce mata mota, Hajiya ake ce mata. Ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti, ta kwaso buhunan gero daga gona bayan an kwantar da kujerun baya, sau ɗaya ma ta ɗauko ragon layya da ya bar mana tsarabar da muka yi mako muna wankewa. Baba kaɗai ke tuƙa ta. Shi ke duba baƙin mai da ruwan lagireto kowace safiya, shi ke wanke ta, in ka jingina da ita kuwa sai ya tambaye ka ko bayanka ne ke ciwo. Ni da nake ɗansa na fari, da matata da 'ya'yana biyu, ban taɓa zama a kujerar direbanta ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah ya sa da sauran kwana, ya tashi, amma hannun dama da ƙafa suka yi nauyi, harshe ma haka. Hankalinsa garau yake, maganar ce take fitowa a hankali, kalma ɗaya, sai dogon jira, sai wata. Ni kuma ba na iya jure kallonsa yana kokawa da kalma, tausayi yake ba ni ƙwarai. Sai na tsiri ɗabi'ar ƙarasa masa magana. Kafin ya kai rabin abin da zai faɗa na riga na ce a kawo wa Baba ruwa, ko na tashi na buɗe taga. Sau da yawa ba abin da yake nufi ke nan ba, amma sai ya karɓi ruwan ya sha, ni kuwa in fita ina jin babu ɗa nagari kamata a duk faɗin Kankia.

Wata biyar bayan haka aka sa ranar auren Rabi, 'yar ƙanen Baba da ya rasu. Baba ne ya riƙe karatunta har ta gama makarantar koyon aikin jinya. Da dangi suka fara cewa a bar Baffa Sale na Bauranya ya yi walicci tunda Baba ba lafiya, sai ta aiko da saƙo cewa ita fa Baba take so ya ba da aurenta, ko da a kujera za a ɗauko shi. Baba ya ji saƙon, daga ranar kullum da hantsi sai in jiyo shi a zaure shi kaɗai yana maimaita kalmomin da waliyyi ke faɗa. Fitarsa ta farko ke nan tun da ya kwanta. An sa ɗaurin aure a Bauranya ƙarfe sha ɗaya, limamin kuma yana da wani a Kaikai bayan namu, saboda haka an gaya mana tun wuri ba zai iya dogon jira ba.

Innarmu ta riga ta tafi tun ranar Alhamis. Ni aka ba makulli. Na kai batir caji, na zagaya unguwa sau biyu, na dawo na sanar da mutanen gida cewa Hajiya lafiyarta ƙalau. Safiyar Asabar na sa farar babbar rigata mai aiki, muka zaunar da Baba a kujerar tsakiya kusa da ƙofar ja, inda ya fi masa sauƙin shiga. Ina tada injin ya ɗaga hannun hagu zai yi magana. Na ce, "Na duba mai, na duba ruwa, na duba taya. Baba, ka huta kawai." Ya sauke hannunsa.

A Kusada muka tsaya ɗaukar Gwaggo Hansai, yayar Baba, wadda muka tarar a ƙofar gida da kular waina biyu. Na bar injin a kunne don kada zafi ya dami Baba, na fita da sauri na saka kulolin a baya, na dawo na ja mota. Mun bar kwalta ke nan mun hau hanyar burji, gero ya nuna dama da hagu, sai Hajiya ta yi shiru. Ba tari, ba hayaƙi, ba wata ƙara. Ta gangara a hankali ta tsaya a gefen wata gona.

Na murza makulli, sitata ta juya, injin bai kama ba. Na sake, haka.

Gwaggo ta ce, "Mi ya hwaru? Halan mai ya ƙare?"

"Ƙaramin abu ne, Gwaggo. Minti biyar."

Na fita na ɗaga bonet. Gaskiyar magana, abin da na gani a ciki bai yi kama da wanda nake zanawa a allo ba ko kaɗan. Amma na naɗe hannun riga na hau aiki. Na ƙara matse kan batir. Na zaro fis ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga wa rana ina mayarwa. Na jijjiga duk wata waya da hannuna ya kai gare ta, na kwanta ƙarƙashin mota na bubbuga tanki (har yau ban san amsar da nake jira ya ba ni ba). Lambar bakaniken Baba tana cikin wayata, amma ina ganin in na kira shi gobe duk gareji za a ji cewa malamin kimiyya ya kasa.

Daga cikin mota na ji muryar Baba. "Ƙofa," in ji shi.

Na ce, "Zafi ko?" Na zo na ja ƙofar ta buɗe sosai, na ce Gwaggo ta riƙa yi masa fifita.

"A'a. Kai..."

Ni ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunana ba, "kai" ne sunana a bakinsa tun ina yaro. Na san ni yake kira. Amma na ga leɓensa yana rawa, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, sai tausayin nan nawa ya motsa. Na ce, "Baba, kada ka wahalar da kanka, in Allah ya yarda za mu isa." Na koma ƙarƙashin bonet na bar shi da baki a buɗe.

Inna ta kira sau biyu. Na farko ta ce an shimfiɗa tabarmi, liman ya iso. Na biyu muryarta ta sauya. "Kuna ina wai? Baffanka ya ce in lokaci ya wuce shi zai zauna a madadin Babanku. Ga Rabi can ɗaki ta ƙi yi wa kowa magana." Na duba agogo, sha ɗaya saura kwata. Hankalina ya tashi, kuma a cikin tashin hankalin ne dabarar turi ta zo mini.

A gonar da ke gefenmu ana gayyar girbi. Na shiga na yi musu sallama, na faɗa musu ɗaurin aure za mu, ga mara lafiya a mota. Bayin Allah, ko gardama ba su yi ba, su bakwai suka ajiye kayan aikinsu suka zo suka dafa bayan Hajiya. Na shiga na riƙe sitiyari ina ba da umarni ta taga. "Ku ƙara ƙarfi. Saura kaɗan ta kama." Hanyar yashi ce, motar kuma ba ƙarama ba ce, ga mutum uku a ciki da waina. Suka tura muka wuce gona ɗaya, muka wuce ta biyu. Ina ta jan giya ina mayarwa, ƙafata ta hagu tana laluben kuloci a inda babu shi, amma ko wannan bai sa na farga ba.

Muna cikin gona ta uku wani dattijo ya iso da carbi a hannu, ashe shi ne mai gayyar, tsohon direba ne da ya yi shekaru yana jigila. Ya leƙo ta taga ya dubi giyar, ya dube ni, ya dubi rigata da baƙin mai ya yi wa zane tun daga ƙirji har gwiwa.

"Ɗana, wagga mota ai mai canza giya da kanta ce. Ko Katsina kunka tura ta ba ta tashi."

Masu turin suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna haki. Wani ya cire hularsa ya matse gumi, ya mayar.

Dattijon ya zagaya wajen ƙofar da ke buɗe ya durƙusa gaban Baba. "Sannu Alhaji, ya ƙarfin jiki?" Baba ya amsa da kai, sannan ya fara magana. Na fito da sauri na buɗe baki zan bayyana abin da Baba yake nufi, sai dattijon ya ɗaga mini hannu ba tare da ya waiwayo ba.

"Bari shi gama."

Ya zauna kan dugadugansa yana jira, kamar ba shi da wani aiki a duniya. Baba ya ce, "Ya buɗe... ƙofa." Shiru. "Injin... yana aiki." Shiru mai tsawo. "Maɓalli... ƙasan sitiyari... hagu." Duka-duka abin bai kai minti biyu ba.

Dattijon ya gyaɗa kai. "Maganin ɓarayin mota ne Alhaji ya sa mata. In direba ya buɗe ƙofa injin na aiki, ya shiga ya tahi bai danna ba, sai ta ba shi ɗan lokaci ta yanke mai." Ashe Baba ya sa an ɗaura mata shi tun shekarar da ya saye ta, bai gaya wa kowa ba, har Inna. Ni ne mutum na farko da ya yi niyyar gaya wa, tun a ƙofar gida.

Na durƙusa a yashi gaban mutum bakwai da suka bar girbinsu, na cusa hannu ƙarƙashin sitiyari, na ji shi, ɗan abu bai fi ƙwayar wake ba. Na danna, na murza makulli, Hajiya ta tashi nan take. Da sun yi dariya da na ji sauƙi, amma ba su yi ba, sai "Allah shi kiyaye hanya" da suka riƙa yi mini cikin ladabi. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ta sa aka sauke musu kular waina guda, tana cewa, "Ku ci, kun tura malamin makaranta, ba ƙaramin aiki kunka yi ba."

Da muka kama hanya na daɗe ban iya duba madubi ba. Kunyar manoman daban, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne baƙo ya ba Babana minti biyun da ni na hana shi wata biyar. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya fara motsa baki. Na damƙe sitiyari da hannu biyu na yi shiru.

"Tuƙinka... ba laifi," in ji shi. Na jira. "Kunnenka ne... sai an kai... gareji."

Gwaggo ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Na ɗaga ido na ga Baba ma yana yi da rabin fuskarsa, dariyarsa ta farko da na gani tun da ya kwanta. Ni ma na yi, amma idona ya cika da ƙwalla, sai da na rage gudu.

Mun isa sha ɗaya ta gota da kusan rabin awa. Liman har ya fara neman takalmansa, Baffa Sale ya riga ya matso gaban tabarma. Da aka ga ana fito da Baba, liman ya koma ya zauna, Baffa ya ja da baya ya gyara masa wuri da hannunsa. Na zauna a bayansa da rigata mai baƙin mai, mutane suna satar kallona. Wakilin ango ya nemi auren Rabi, Baba ya fara amsawa. A tsakiya wata kalma ta maƙale masa. Na san kalmar sarai, na ji ta a zaure sau ba adadi, tana nan a kan harshena tana ƙaiƙayi. Na cije leɓe. Duk taron ya yi tsit ana jira, har ya ciro ta da kansa, ya kai ƙarshe ya ce ya ba da. Aka shafa fatiha, guɗa ta tashi daga cikin gida.

Baba ya ƙara shekara uku a duniya. Maganarsa ba ta ƙara sauri ba, ni ne na rage tawa, sai ga shi ina jin labaran da ban taɓa sanin yana da su ba. Har yanzu ina da saurin baki (matata shaida ce), kuma har yanzu ina koyar da injin mota a allo. Amma in abu ya lalace nakan waiwaya in tambaya kafin in naɗe hannun riga, domin na gano cewa wanda ya san inda matsalar take wani lokaci yana zaune a kujerar baya, jira kawai yake in yi shiru.