Gwaggo Bushiya da Ƙwaryar Sa'a

A wani daji, can bayan fadama, dabbobi suna da wasan da suke yi duk bayan kaka. Mai wasa zai ƙetare rafi, ya shiga kogo, ya yi kokawa da Ɓauna wadda ke shigar dodo, a hanya yana buɗe tukwanen da aka ɓoye kyaututtuka a ciki. Gwaggo Bushiya ce mai ɓoyewa, da hannunta, kuma duk duniya ba abin da take so kamar aikin nan. Zuma a bayan kogo take ajiye ta, don sai wanda ya sha wuya zai isa can.

To, kun dai san halin jama'a. Wata shekara aka kira majalisa a gindin tsamiya, Dila ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, ba raina Gwaggo nake yi ba, ita ta goya iyayenmu. Amma kowa ya haddace inda take ajiye zuma. Zomo ko wasan ba ya yi, bayan kogo yake zarcewa. Ga ƙwarya na kawo. A zuba tsakuwa a girgiza, abin da ya faɗo wa kowace tukunya shi ne rabonta. Ba son kai, ba hannun kowa!"

Aka yi tafi raf-raf. Gwaggo ta lafe da ƙayoyinta, ta ce, "Allah ya ba da sa'a, 'ya'yana."

Sa'a kuwa ta zo. Raƙumin Dawa ya kayar da Ɓauna da ƙyar, ya buɗe babbar tukunya, ya tarar da hular ɓera. Kunkuru ya yi tuntuɓe da tukunyar farko a bakin hanya, ya samu zumar kaf, ya juya gida abinsa. Kura kuwa ta zauna gaban tukunya guda, tana rufewa tana buɗewa har la'asar, wai ko nama zai fito.

"Don wannan na karya wuya?" in ji Raƙumin Dawa, hular na reto a ƙahonsa. Birai suka yi ta birgima don dariya.

Majalisa ta sake zama. Ba wanda ya yarda ƙwarya ta yi kuskure, tunda su suka tafa mata. Sai aka yanke cewa laifin mai girgizawa ne. Da aka nemi mai karɓar aikin, kowa ya sunkuyar da kai.

"Ku ba ni," in ji Gwaggo. "Dama hannun nawa rawa yake yi."

Ranar wasa ta girgiza ƙwaryar a gaban kowa, kacau-kacau, har da ɗan taka rawa. Sannan ta ɗauki kwandonta ta shige daji ita kaɗai, ta ɓoye kowace kyauta inda ta ga ya dace, kamar yadda ta saba. Maganar Dila kuwa ba ta zubar da ita duka ba: ta sauya wa zumar wuri.

Raƙumin Dawa ya samu ganyen bagaruwa mai taushi a babbar tukunya. Kura sai da ta jiƙe sharkaf a rafi kafin ta ga ƙashinta, ta fito tana guɗa. Zomo ya zarce bayan kogo a guje, ya tarar da hular ɓera tana jiransa.

"Kun gani?" in ji Dila, yana kaɗa wutsiya. "Ba hannun kowa!"

"Haka ne, ɗana," in ji Gwaggo, tana lasar zuma a farcenta.

Har yau, duk shekara majalisa kan ware man shanu a shafe ƙwaryar nan, saboda adalcinta.