Rasuwar 'Yar Jidda, Rikodar Gidan Malam Mukhtari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka rasa aikin yi, ni Malam Mukhtari Yahaya, tsohon hedimasta a nan Bodinga, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da waɗanda suka shekara suna shan labarai a ƙofar gidana ba su taɓa sayen batir ba, rasuwar rikodata wadda aka fi sani da 'Yar Jidda. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar wannan zaman kulle na korona, bayan gajeruwar rashin lafiya da ta samo asali daga tsabta.

Marigayiya haifaffiyar Japan ce, amma ta Jidda ta biyo, cikin kayan wani alhaji da ya dawo da tsaraba fiye da yadda ya dawo da natsuwa. Na saye ta a zamanin Jamhuriya ta Biyu, lokacin da malamin firamare yake iya shiga kasuwa ya nuna abu da yatsa a ɗauko masa. Ta riga ni taka ƙasa mai tsarki, kuma har yau ban rama ba. Ba ta daɗe a gidan nan ba aka ce kowa ya ɗaure cikinsa, kuma daga bakinta muka ji. Ita ta gaya mana wahalar ta ɗan lokaci ce, a daidai lokacin da muke bin layin madara da sabulu. Ta rayu har ta maimaita wannan magana a madadin gwamnatoci masu yawa, na farar hula da na kaki, ba ta taɓa yin dariya ba. Wannan kaɗai ya isa shaida a kan haƙurinta.

Tana da halaye da suka yi ƙaranci a cikin mutane. Idan aka ce ta yi magana sai ta yi, idan aka danna ta sai ta yi shiru, ba ta kuma zuwa bayan gida ta ƙarasa maganar da wani. Ta san London, ta san Jamus, ta san Kaduna, duk da haka ba ta taɓa raina Bodinga ba. Batir da ya mutu, in an shanya shi a rana aka mayar mata, takan karɓa ta yi godiya da ƙaramar murya. Aibinta ɗaya ne: idan hadari ya taso takan yi tari, sai an mare ta a kuncin hagu. Ban taɓa jin ta kai ƙara ba.

Amma ba don labarai nake wannan sanarwa ba. Labarai ko'ina akwai su, kuma duk iri ɗaya ne.

A shekarar da aka tura ni kwas Zariya, na bar marigayiya a gida tare da matata Kulu. Kulu ba ta rubutun boko, kuma ba ta yarda wani ya rubuta mata abin da za ta gaya wa mijinta ba. A wancan zamani abin da ake yi shi ne a ɗauki murya a kaset, a ba direba ya kai. Haka ta yi. Ta zaunar da 'Yar Jidda a kan turmi, ta danna, ta ce:

"Malam, kana ji na? Wai wagga aba tana ɗauka kuwa? To. Muna nan lahiya. Gero ya yi, albasa ce dai ta ƙi. Tunkiya ta haihu, ɗiya biyu, ɗaya awa kai, bai son mutane. An ce Zariya akwai sanyi, ga rigar sanyinka nan ka bari bisa ƙusa, don ka dawo kana tari ni in sha wahala. Mi kaka ci can? Kak ka ce man shayi."

Daga nan sai dariyarta, sai wani zakara ya yi cara a bayanta. Zakaran an cinye shi tun kafin in dawo, amma a cikin marigayiya bai fasa cara ba.

Kulu ta riga mu gidan gaskiya shekarun baya, Allah ya jiƙanta. Bayan an watse daga zaman makoki na sa kaset ɗin a cikin rikoda, maɓallin buɗe ƙofar ya karye, kaset ya zauna a ciki. Ban nemi gyara ba, don ba ni da wani kaset da nake marmarin ji.

Da annoba ta zo, majalisar ƙofar gidana ta watse. Ɗana Bashiru, wanda ma'aikacin lafiya ne a Sakkwato, ya bugo waya ya kafa mini doka: ba kasuwa, ba gaisawa da hannu, ba zuwa suna, ba zuwa ko'ina. Na ji mutanen gari suna kukan kaɗaici kamar yanzu aka ƙirƙiro shi. Ni na daɗe a cikinsa, ba a kuma taɓa sanarwa a rediyo ba. A wannan zama ne marigayiya ta yi aikin da ya fi na kowace shekara. Lokacin labarai nakan ɗora ta a kan katanga, gidaje uku su ji adadin waɗanda suka kamu, kowa ya yi tsaki daga tsakar gidansa. Bayan la'asar kuwa tawa ce ni kaɗai, ni da Kulu da zakara.

A kwanakin nan ta ɗauki wani wa'azi da ba ta gajiya da shi: "A wanke hannu da sabulu. Duk abin da ya shigo daga waje a wanke shi. A kula da tsofaffi, su cutar ta fi kayarwa." Safe da yamma haka take faɗa, da cikakken ƙarfin batir.

Sai ɗan maƙwabcina Dalhatu, manomin albasa, ya dawo daga Legas, aka ce duk gidansu kada kowa ya fito. Dalhatu ya leƙo ta katanga ya roƙi aron marigayiya na wuni ɗaya, wai shiru zai kashe su kafin cuta ta iso. Na miƙa masa ita da hannuna.

Kowa ya san a garin nan ba a mayar da kayan aro da dauɗa, ba a kuma mayar da shi hannu sake. Tani, matar Dalhatu, mace ce da ba a taɓa kama ta da rashin wannan ladabi ba. Washegari da hantsi sai ga tire a kan katanga, marigayiya a tsakiya tana sheƙi kamar ranar da ta sauka daga jirgi, tana ƙamshin sabulu, ga albasa manya a gefenta. Ta bayan katanga Tani ta yi mini bayani da muryar wadda ta yi abin kirki. Ta ce ta fara da tsumma, ta ga ƙurar da ke ramukan lasifika ta girmi 'ya'yanta, sai ta sa ta a baho da ruwan ɗumi, ta bi ta da soso, ta ɗauraye har ruwan ya fita fes, ta kife ta a rana tare da kwanoni. Ta ce ita ba za ta zama sanadin Malam ba, abu ya kwana a gidan da ake zargi sannan ya koma hannun tsoho haka nan. Ta ƙara da cewa ai ita rikodar ce da bakinta ta ce a wanke.

Na yi shekaru ina koyarwa, na san wuyar samun wanda zai ji darasi ya yi aiki da shi. Marigayiya ta samu ɗaliba ɗaya tak, ita ce kuma ta yi ajalinta. Na karɓi albasar, na yi godiya.

Da na danna ta, sai ta yi wani "gurrr" kamar tsoho yana kurkure baki, ta ɗan yi "ƙyas", shi ke nan. Na mare ta a kuncin hagu, ruwa ya fito ta na dama. An shanya ta, an binne ta cikin buhun gero bisa shawarar masana na bayan katanga, ba ta farfaɗo ba. Dalhatu ya yi mini ta'aziyya da cewa aƙalla ta tafi da tsarki. Bashiru ya ce ai da na bari an kwafe muryar a waya. Ya faɗi haka ne bayan an mutu, kamar yadda masu ilmi suka saba.

Da yake an hana ni fita, motar albasa ce ta kai gawar Shagari, wurin Tukur mai gyara, wanda ya san cikinta tun tana budurwa. Shi ya tabbatar da rasuwar. Ya kwance bayanta ya ciro kaset ɗin, ya busar da shi a inuwa, ya naɗe zaren da biro a hankali, ya aiko mini da shi cikin ambulan. Ya ce a ido lafiyarsa ƙalau, amma ido ba ya jin magana, sai an sa shi a wata rikodar za a san ko sabulu ya bar wani abu. Shi kuwa ba shi da ko ɗaya, wayoyi yake gyarawa yanzu.

Kalmomin duk na haddace su, ga su nan ma na rubuta. Muryar ce take suɓuce mini. Jiya bayan la'asar na zauna in tuna yadda take jan kalmar nan ta shayi, sai na ji muryata ce take faɗa, muryar tsohon hedimasta mai kiran sunaye a aji.

Marigayiya ta bar eriya ɗaya, wadda asalinta wayar keke ce, da rigar atamfa da Kulu ta ɗinka mata, da gwangwani cike da matattun batura da suka yi mata hidima, da agogon bango wanda sa'anta ne amma ya daina aiki tun tuni ba wanda ya lura. Ta kuma bar kaset ɗaya, wanda har yanzu ba a san ko maraya ne ko gawa ba.

Game da jana'iza, liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, na kuma yarda da shi. Gawar za ta zauna a shagon Tukur a Shagari, ya cire abin da zai amfani masu rai, sauran ya ba masu sayen tsohon ƙarfe ranar da kasuwa ta buɗe. Ba zaman makoki, bisa umarnin hukuma, kuma bisa son raina. Kada a aiko da abinci. Kada a aiko da albasa. Tani ta daina kuka, na yafe mata duniya da lahira, kuma za a ci gaba da ba ta aron turmi, shi yana jure wanka.

Mai son yi mini ta'aziyya ta gaskiya, daga Bodinga har Shagari har Mandera, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa, ko bayan buhuna a ɗakin ajiya. Idan ya ga tsohuwar rikoda mai cin kaset, ko murfinta ya fashe, ko ba ta kama tasha, in dai tana juyawa, ya ɗora mini ita a kan katanga, batir ni zan saya. Aron sa'a ɗaya nake nema. Kaset ɗin gefe biyu ne. Duk shekarun nan na farko kawai nake ji, in ya ƙare in mayar da shi baya, tun ma kafin ƙofar ta ƙi buɗuwa, don na biyun tun daga farko har ƙarshe faɗa take yi mini a kan rufin ɗaki da na tafi ban gyara ba. Wannan karon da shi zan fara.

Mai sanarwa,
Malam Mukhtari Yahaya, Bodinga.